Daga Tukunyar Daudawa zuwa Ƙwaƙwalwa: Tarihin Gulutamat da Makarɓansa

1. Gabatarwa

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce mu bi tarihin abu guda ta hanyoyi biyu da ba a saba haɗa su ba. Hanyar farko ta bi ta kasuwannin Damagaram, inda mata suka daɗe suna sarrafa daudawa. Ta biyu kuwa ta bi ta ɗakunan bincike na Jamus, Japan da Faransa, inda aka gano sinadarin da ake kira gulutamat, da kuma yadda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke karɓar sa. Abin da muke son nunawa shi ne, sinadarin da ke ba miyar kuka armashi, shi ne kuma babban ɗan aike tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, sannan Hausa tana da kalmomin da za a yi bayanin haka da su.

2. Daudawa a daular Damagaram

A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, Zinder ta zama mahaɗar fatake. Ayarin Azbin da na Tarabulus suna sauka a Zango, hanyar Kano tana kawo kayan kudu, gishiri da kanwa kuma suna fitowa daga ƙasashen Muniyo da Manga. Kayan daudawa sun bi waɗannan hanyoyi. Itaciyar ɗorawa ta fi son kudu, inda ruwan sama ya fi yawa, don haka kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, daga can take zuwa. Inda kalwa ta yi wuya, sai mata su koma ga gurguzu, ƙwayar yakuwa, su yi daudawar batso.

Matafiyan Turai sun lura da wannan kayan miya. Heinrich Barth, wanda ya zauna Zinder daga ƙarshen 1852 zuwa farkon 1853, ya ambaci daudawa cikin abubuwan da ake sayarwa a kasuwannin ƙasar Hausa. Tun kafin shi, a 1826, masanin tsirrai Robert Brown ya raɗa wa dangin ɗorawa sunan Parkia don tunawa da Mungo Park.

Aikin kansa sananne ne. A dafa kalwa tsawon yini ko kwana, sau da yawa da ɗan kanwa, uwar gami, don ta yi laushi. A surfe ta, a wanke, a sake dafawa, sannan a rufe ta kwana biyu ko uku a wuri mai ɗumi. Daga nan a daka, a mulmula, a shanya. A cikin kwanakin rufewar nan ne wasu ƙananan halittu, waɗanda masana ke kira Bacillus subtilis, suke farfasa furotin ɗin kalwa zuwa ƙananan sinadarai, kuma gulutamat yana cikin waɗanda suka fi yawa. Ke nan mai daudawa gulutamat take fitarwa tun ba a san sunansa ba.

3. Yadda aka gano sinadarin

A 1866 Bajamushe Karl Ritthausen ya fara tace gulutamat daga alkama. A 1908 Kikunae Ikeda na Jami'ar Tokiyo ya gano cewa shi ne ke ba romon wata ciyawar teku ɗanɗano na dabam, wanda ba zaƙi ba ne, ba tsami ba, ba ɗaci ba, ba kuma gishiri ba. Ya kira shi umami. Shekara guda bayan haka aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, abin da matanmu ke kira farin magi.

Zancen ƙwaƙwalwa ya zo daga baya. A shekarun 1950 Takashi Hayashi ya ga cewa in an sa gulutamat a ƙwaƙwalwar dabba sai ta kama farfaɗiya. Sannu a hankali aka tabbatar da cewa shi ne saƙon da mafi yawan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna don su motsa.

4. Makarɓi iri biyu

Saƙo ba ya amfani sai da mai karɓa. Abin da Faransanci ke kira récepteur, mu muna ba da shawarar a ce masa makarɓi, bisa tsarin mabuɗi da madubi. Da farko iri ɗaya aka sani. Shi wannan kamar ƙofar ganuwar Birni yake: gulutamat na taɓa shi sai ya buɗe, sinadarai masu ɗauke da lantarki su kwarara ciki, ƙwayar ta motsa kafin ƙiftawar ido. Bari mu kira shi makarɓi mai ƙofa.

A 1985, a birnin Mompeliye na Faransa, Fritz Sladeczek, Jean-Philippe Pin, Joël Bockaert da abokan aikinsu suka nuna cewa akwai wani iri wanda ba ya buɗe kowace ƙofa. A 1991 ƙungiyar Shigetada Nakanishi a Kiyoto, da wata a Amurka, suka fayyace ƙirarsa. Shi ne ake kira métabotropique. Aikinsa ya fi kama da tsarin fada. Manzo ba ya wuce zaure. Jakadiya ce ke ɗaukar saƙonsa ta kai cikin gida. Haka gulutamat yake tsayawa a waje, wani furotin mai suna G ya kai labari cikin ƙwaya. Wannan hanya ta fi jinkiri, amma tasirinta ya fi daɗewa. Sai mu ce masa makarɓi mai jakadiya.

Ƙirarsa kashi uku ce. A waje akwai ɓari biyu kamar akushi da murfinsa, waɗanda ke rufe gulutamat a tsakiya. A tsakiya akwai zare wanda ya huda fatar ƙwaya sau bakwai. A ciki kuma akwai wutsiyar da ke haɗuwa da furotin G. Ba ya aiki shi kaɗai, sai biyu-biyu, a manne da juna.

An san guda takwas, an kasa su gida uku. Na 1 da na 5 galibi suna wajen ƙwayar da ake aika wa saƙo, suna ƙara mata kuzari, kuma suna da hannu wajen koyo da tunawa. Na 2 da na 3, da kuma na 4, 6, 7 da 8, galibi linzami ne: mafi yawansu suna wajen ƙwayar da ke aikawa, suna rage yawan gulutamat in ya nemi wuce kima. Wannan linzami yana da muhimmanci, domin gulutamat in ya yi yawa yakan kashe ƙwayoyi, kamar yadda ake gani a shanyewar ɓarin jiki. Na 6 a cikin ido yake, kuma lalacewarsa tana haddasa wani irin dundumi na gado, wanda ya bambanta da dundumin rashin sinadarin bitamin A.

5. Inda hanyoyin suka haɗu

A shekara ta 2000 Nirupa Chaudhari da Stephen Roper, a Miyami, suka sami wani gajeren nau'in makarɓi na 4 a harshen ɓera. A 2002 aka gano babban makarɓin umami, T1R1 da T1R3, wanda ɗan dangi ɗaya ne da na ƙwaƙwalwa, mai irin akushin nan da murfinsa. Wato harshen da ya ɗanɗana miyar daudawa da ƙwaƙwalwar da ta tuna da ita, kayan aikinsu ƴan gida ɗaya ne.

Sai dai a kula, gulutamat na abinci ba shi ne ke zuwa ƙwaƙwalwa ba. Hanji ke cinye mafi yawansa, ƙwaƙwalwa kuma nata take sarrafawa, tana da shingen da ke tsare ta daga na cikin jini. Saboda haka matsalar magi ba ta ƙwaƙwalwa ba ce. Dunƙulen da kamfanin Maggi na Suwis ya fara fitarwa a 1908, wanda yau ya cika teburan Kasuwar Dole, kusan rabinsa gishiri ne, alhali kimanin kashi ɗaya cikin uku na busasshiyar daudawa furotin ne. Gidan da ya bar daudawa ya koma dunƙule bai rasa ɗanɗano ba, amma ya rasa abinci, mai daudawa kuma ta rasa ciniki.

6. Kammalawa

Aikin da ya rage na masana harshe ne. Bahaushe yana da zaƙi, tsami, ɗaci, bauri, garɗi, da lami ga miyar da ba ta ji kayan haɗi ba. Wace daga cikinsu ce ta fi kusa da umami? Garɗi ya yi kusa, amma an fi faɗar sa ga gyaɗa da madara. Muna ganin amsar tana bakin masu daudawa na Mirya, Magarya da Matamai, kuma ya kamata a je a ɗauko ta tun tsofaffin cikinsu suna raye.