Shin Dole Ne Kowa Ya Shiga Jami'a? Nazari Daga Jega da Aliero da Maiyama

Kafin shekarar 2006, in aka ambaci Aliero abu biyu ke faɗo wa mutum a rai, albasa da ɗori. A shekarar ce gwamnatin Muhammad Adamu Aliero ta kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kabi a garin, wadda daga baya aka raɗa mata sunan Abdullahi Fodiyo. Tun daga lokacin yaron da ya tashi a Aliero ko Jega ko Maiyama yana buɗe ido ya ga jami'a a ƙofar gida, iyaye kuma suka soma auna 'ya'yansu da ita. Wanda ya samu gurbi ya zama abin nuni, wanda bai samu ba sai a ce "bai yi karatu ba", ko da kuwa ya sauke Alƙur'ani, ya gama sakandare, yana kuma riƙe da gonar da ke ciyar da gidan. Wannan ma'auni ne nake son a duba da idon basira.

Doka dai ba ta ɗora wa kowa jami'a ba. Sashe na 18 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce gwamnati za ta yi ƙoƙarin samar da ilimi kyauta daga firamare har jami'a gwargwadon hali, amma firamare kaɗai ya kira tilas. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta faɗaɗa tilascin zuwa shekara 9, wato har ƙarshen ƙaramar sakandare. Abin da ya wuce nan al'ada ce ta ɗora shi, kuma al'adar tana da tushe. A zamanin En'e da farkon 'yancin kai masu takarda kaɗan ne a Arewa, wanda duk ya fito da ita aiki na jiran sa. Iyayen yau sun ga wannan da idonsu. Sai dai lissafin ya sauya. A 2024 kusan mutum miliyan 1.9 ne suka rubuta jarrabawar JAMB, kuma kimanin kashi uku cikin huɗu ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Waɗanda suka shiga kuma sun san yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ci wata takwas.

Masanin zamantakewa Martin Trow, a 1973, ya kasa ilimi mai zurfi mataki uku: na 'yan tsiraru, in masu shiga ba su wuce kashi 15 cikin ɗari na matasa ba, na jama'a, daga nan zuwa kashi 50, sai na kowa da kowa. Nijeriya har yanzu tana mataki na farko. Saboda haka muhawarar da ake yi a Amurka ko Ingila, inda ake kukan masu digiri sun yi yawa, ba tamu ba ce kai tsaye. Mu a Kabi masu digiri ba su ishe mu ba, musamman likitoci da malaman kimiyya da injiniyoyin ruwa. Ciwonmu ya fi kama da wanda Ronald Dore ya bayyana a littafinsa na 1976 a kan cutar neman takardar shaida: a ƙasashen da boko ya zo a makare, takarda kan zama tikitin aiki, sai ɗalibi ya daina neman sani ya koma neman tikiti, aikin da jiya ake bai wa mai sakandare yau a ce sai mai digiri, alhali aikin bai sauya ba.

Amsar ko dole ne kowa ya shiga jami'a kuwa, a Aliero ana ganin ta ƙarara. Manomin albasa ya san lokacin yafa iri da na dashe, ya san yadda ake tsara fangali da ban-ruwa, ya san albasar da za ta jure ajiya a rudu da wadda dole a kai kasuwa yanzu. Dillali ya san farashin Legas da Anacha kafin mota ta tashi. Babu ɗaya daga wannan da aka koya a aji, kuma shekara huɗu a jami'a ba za ta ƙara wa kowane manomi gwanintar dashe ba. To amma babbar asarar albasa tana zuwa ne bayan an cire ta: ruɓewa a wurin ajiya, tsiro, da faɗuwar farashi lokacin da kowa ya kawo tasa a mako guda. Nan ne ake bukatar mutum kaɗan masu zurfin ilimin cututtukan tsirrai da ƙirar ɗakin ajiya mai iska, da mutum da yawa masu iya karanta umarnin da ke jikin kwalbar maganin feshi, da rubuta lissafin bashi, da gyaran injin ban-ruwa. Na farko aikin jami'a ne. Na biyu aikin firamare mai inganci ne da makarantar koyon sana'a, kuma su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba.

Haka ɗori. Daga nesa ake ɗauko masu karaya da targaɗe zuwa wurin maɗoran Aliero, sana'ar kuma gado ce, ɗa na koya a gefen uba shekara da shekaru. Ba na cikin masu raina ta. Sai dai likitocin ƙashi sun daɗe suna gargaɗi cewa ɗaurin da ya matse yakan tsayar da jini har gaɓa ta mutu, karayar da ta huda fata kuma tana bukatar asibiti. Ɗan maɗori ba sai ya zama likitan tiyata ba kafin ya amfani jama'a. In ya yi sakandare da kyau, ya samu horo irin na Kwalejin Kimiyyar Lafiya da ke Jega, ya san tsabtace rauni da amfanin hoton ƙashi da lokacin da ya kamata ya ce a wuce asibiti, ya fi ƙarfin abin da digiri a fannin da bai shafe shi ba zai ba shi.

Wannan ƙasa ta Gwandu ma tana da tsohon ma'aunin ilimi da ya fi takarda. Malam Abdullahi Fodiyo ya rubuta littafi guda, Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowanne. Tambayar a wancan tsari ita ce: me ka karanta, a wurin wa, kuma ka iya? Jami'ar da ke ɗauke da sunansa ta fi kowa cancantar riƙe wannan tambaya.

Sai dai akwai haɗari a cikin hujjata, kuma ba zan ɓoye shi ba. Maganar "ba kowa zai je jami'a ba" takan fito da sauƙi daga bakin wanda 'ya'yansa duka suna can. In aka sake ta haka, ɗan talakan ƙauyen Maiyama da 'ya mace su za a fara sallama, tun ba a gwada ƙwaƙwalwarsu ba. Jega ta ba Nijeriya Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci Jami'ar Bayero, ya kuma riƙe hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015. Yara nawa masu irin wannan basira ke tallar albasa a tasha yau don ba a kai su aji ɗaya ba? Zaɓi ba ya zama zaɓi sai ga wanda aka kai shi mararraba. Yaron da bai iya karatu da rubutu ba a shekara goma sha biyu, bai ƙi jami'a ba, hana shi aka yi.

Hanyar sana'a kuma mu muka kashe mata daraja. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a farkon shekarun 1980 ya yi niyyar a koya wa yara aikin hannu a ƙaramar sakandare, sai aka kawo injina makarantu da yawa babu wuta, babu malamin da zai sarrafa su. Har yau mai babbar diploma ta kwalejin fasaha yana kukan ana fifita mai digiri a kansa wajen ɗauka da ƙarin girma. Uban da ya ga haka ya nace sai jami'a bai yi wauta ba, kasuwa ya karanta. A Jamus kuwa, inda matashi ke raba mako tsakanin masana'anta da makarantar sana'a ya fito da shaidar da ake girmamawa, mai gyaran wuta ba ya jin an bar shi a baya.

Abin da nazarin nan ya tsaya a kai shi ne, shekara taran farko ita ce wajibi a kan kowane yaro da yarinya, kuma a nan ya kamata gwamnatin Kabi da ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama da sarakunanmu su tsananta. Jami'a kuwa a buɗe ta ga duk mai basira da sha'awa, a ɗauke wa talaka nauyin kuɗinta, amma kada a mai da ita sharaɗin mutunci. Iyaye, in yaronku ya gama sakandare ya ce gona ko kasuwa ko aikin lafiya yake so, ku nemo masa gwanin da zai koya a wurinsa da makarantar da za ta ba shi shaida, ku kuma daina cewa bai yi karatu ba.