Ouranosaurus: Dabbar dainoso mai bakin agwagwa ta Nijar

Ouranosaurus wata ƙatuwar dabba ce daga jinsin dainoso, wadda ta rayu kimanin shekaru miliyan 110 da suka shige a yankin da a yau ake kira Gadufawa, kudu maso gabashin Agadas a Jamhuriyar Nijar.

Wani masani ɗan ƙasar Faransa, Philippe Taquet, shi ne ya gano ƙasusuwanta a 1965, ya kuma raɗa mata suna a 1976. Sunan ya samo asali ne daga kalmar da Buzaye ke kiran damo da ita.

Siffarta

Tsawonta ya kai mita 7 zuwa 8, nauyinta kuwa ya zarce tan 2.

Bakinta mai faɗi ne tamkar na agwagwa. Babu haƙori a gabansa, sai jerin haƙora a gefen muƙamuƙi, waɗanda take tauna ganyaye da su.

Tana da ɗan tudu a gaban idanunta, da wata ƙaya a madadin babban yatsa. Takan yi tafiya da ƙafa biyu ko huɗu.

Tukkun 'yan uwanta na baya, kamar Parasaurolophus da aka tono a Kanada, ya fi nata girma nesa ba kusa ba. Nasa dogo ne mai rami a ciki, kuma masana na ganin da shi yake fitar da ƙara.

Tozo ko shimfiɗar fata?

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne ƙasusuwan da suka miƙe a gadon bayanta, waɗanda wasunsu suka haura santimita 60.

Wasu masana na cewa fata ce ta lulluɓe su domin daidaita zafin jiki, ko jan hankalin 'yan uwanta. Wasu kuma na ganin tozo ne na ajiyar kitse. Har yanzu ba a cimma matsaya ba.

Muhallinta

A zamaninta, koguna da tsirrai ne suka mamaye wannan wuri da ya zama hamada. A nan ta zauna tare da Sarcosuchus, wani ƙasurgumin dangin kada, da kuma Suchomimus mai cin kifi.

An ajiye ƙwarangwal ɗinta ɗaya a Gidan Tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, wani kuma yana birnin Venis na Italiya.