Daga Sarkin Makafi zuwa Asusun Diyya

Sheme tana kan hanyar Funtua zuwa Gusau, daidai inda titin Ƙanƙara ya rabu, kuma mafi yawan masu cin abinci a kasuwarta manoma ne da dillalan shanu da masu lodi da 'yan acaɓa. Idan ɗayansu ya rasa ƙafa a haɗarin mota, ko injin sussuka ya cinye masa hannu, 'yan uwa kan fara tambayar inda ake cike takardar tallafin gwamnati. Babu irin wannan takarda guda ɗaya. Gwamnatin Tarayya ba ta da alawus na wata-wata da take biyan kowane ɗan ƙasa saboda ya nakasa. Abin da ake da shi ƙofofi ne daban-daban, kowace da zamanin da aka gina ta da mutanen da aka gina ta dominsu.

Tun kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa tana da nata tsari. A manyan garuruwa akan naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu, da rawani da fadawa kamar kowace sarauta. Su ke sasanta rikicin mutanensu, su ke karɓar sadakar da attajiri ya aiko su raba, su ne kuma bakin jama'arsu a fada. A ƙauye abin ya fi dogara ga gandu: wanda ya makance ko ya gurgunce yana ci daga rumbun gidansu, ga zakkar hatsi bayan kaka, ga gayya idan gonarsa ta fi ƙarfinsa. Wannan tsari ya raba mutane da yawa da kwana da yunwa, amma gaskiya ɗaya ce, ya kuma ɗaure nakasasshe ga ƙoƙon bara, har aka ɗauki bara tamkar sana'ar gado. Turawan mulki ba su taɓa shi sosai ba, sai dai sun ƙara da asibitocin kutare irin su Babbar Ruga a Katsina da Yadakunya a Kano, waɗanda En'e ta kafa, daga baya 'yan mishan na SIM suka karɓi gudanar da su a 1937.

Maganar diyya a kuɗi ta wata hanya ta ɓullo, ta masana'antu. Jamus ce ta fara inshorar haɗarin wurin aiki a 1884, Ingila ta yi dokar diyyar ma'aikata a 1897, sannan aka kawo irinta Najeriya a 1941. Leburorin da ke karɓar albashi aka yi wa ita: na jirgin ƙasa, na haƙar kuza a Jos, na tashar jiragen ruwa. A wannan yanki, inda layin dogo ya ratsa Funtua da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, hakan na nufin cewa mai aiki a gidan gurzar auduga na Funtua yana iya neman diyya idan inji ya ji masa ciwo, ko da a takarda ne. Manomin Faskari da ya shuka audugar kuwa, idan maciji ya sare shi a gona aka yanke ƙafar, doka ba ta san da zamansa ba. A ganina duk abin da ya biyo baya a kan wannan rabon aka ɗora shi.

An kafa asusun ajiyar ma'aikata na ƙasa a 1961, wanda dokar soja ta 1993 ta mayar da shi hukumar NSITF. A tsakani an yi dokar diyya ta 1987. Matsalarta ita ce kuɗin dunƙule ake biya sau ɗaya, kuma daga hannun mai kamfani ko kamfanin inshorarsa zai fito, don haka sau da yawa sai an kai ga kotu, lebura kuma ba shi da kuɗin lauya.

Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a ƙarshen 2010 ta gyara wannan. Yanzu mai ɗaukar ma'aikata ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusun NSITF, ba a cire ko kwabo daga aljihun ma'aikaci. Wanda ya ji rauni zai sanar da shugabansa cikin kwana 14, shugaban ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, a shigar da takardar neman diyya cikin shekara guda tare da rahoton likita. Idan nakasar ta dindindin ce kuma ta hana aiki gaba ɗaya, ana biyan kashi 90 cikin 100 na albashi duk wata, ban da kuɗin magani da ƙafar roba da makamantansu. Doka ce mai kyau, ga wanda sunansa ke cikin takardar albashi.

Inshorar kamfanoni ba ta cike giɓin ba. Wadda dokar fansho ta 2014 ta wajabta, mai ninki uku na albashin shekara, sai ma'aikaci ya rasu ake biyan magadansa. Inshorar mota ta dole, wadda kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a 2023, ita ce ya kamata ta biya wanda aka kaɗe a hanya, amma direbobi da dama takardar bogi suke saya don 'yan sanda kawai. Ga kuma ƙyamar da malamai suka daɗe suna nunawa saboda riba da rashin tabbas da ke cikin cinikin. Takaful, wato inshorar Musulunci, wanda hukumar inshora ta ƙasa ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, ya amsa wannan ƙorafi, sai dai har yanzu harkar birni ce.

Wanda ya gwada biyan nakasassu kai tsaye shi ne Gwamna Sule Lamido, da ya fara ba su naira 7,000 a wata a Jigawa a 2007, da niyyar raba su da bara. Ba kowa ya samu ba, an ƙayyade adadi a kowace ƙaramar hukuma, amma ya nuna abu ne mai yiwuwa. A matakin tarayya, bayan Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2010, sai a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna musu wariya. Ta yanka tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani, da naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta ba da shekara biyar a gyara gine-gine. Hukumar nakasassu ta ƙasa da aka kafa a 2020 tana ba da takardar shaida. Takardar na taimakawa wajen neman aiki da makaranta, amma ba a zuwa banki da ita.

Kuɗin da ke isa ƙauye na rajistar talakawa ne da aka fara a 2016: naira 5,000 a wata da farko, sannan 25,000 na wata uku da aka sanar a 2023. Shi ma ba a cike masa takarda. Jama'ar gari ne ke zama su fitar da gidajen da suka fi talauci, daga baya aka ƙara da sharaɗin lambar ɗan ƙasa da asusun banki. Wanda ya san yankin nan ya san nauyin wannan sharaɗi, domin a 2021 an toshe layukan waya a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, aka hana motocin haya bin titin Ƙanƙara zuwa Sheme, saboda 'yan bindiga.

Rikicin ya haifar da sababbin nakasassu, waɗanda harsashi ya samu a gona ko a hanyar kasuwa, kuma da yawansu sun bar gandun da zai riƙe su sun koma gudun hijira. Dokar 2010 ta haɗa da raunin da aka ji tsakanin gida da wurin aiki, don haka malamin makarantar da aka harba a hanyarsa ta zuwa aji yana da hujjar neman diyya, muddin gwamnatin da ta ɗauke shi tana zuba kasonta. Hukumar NSITF kuwa ta sha kukan cewa jihohi da ƙananan hukumomi da yawa ba sa zubawa.