Agogon Landan da Littafin Dogon Daji

A gidan wasan St Martin's da ke Landan akwai wani agogo da ake ajiyewa a kan dandamali duk daren da za a yi wasan kwaikwayon The Mousetrap na Agatha Christie. Wannan agogo yana cikin kayan da aka buɗe wasan da su a Landan ranar 25 ga Nuwamba, 1952. 'Yan wasa sun shuɗe, an sauya labule da kujeru, har gidan wasan ma an sauya a 1974, amma shi yana nan.

Asalin wasan a rediyo yake. A 1947, da Sarauniya Mary, kakar Sarauniya Elizabeth ta Biyu, za ta cika shekara 80, BBC ta nemi jin kyautar da take so, sai ta zaɓi wasa daga alƙalamin Christie. Aka watsa gajeren wasa mai suna Three Blind Mice ranar 30 ga Mayu. Daga baya marubuciyar ta faɗaɗa shi, aka fara nuna shi a Nottingham a watan Oktoba na 1952 kafin a kai shi Landan, inda bai tsaya ba sai da annobar korona ta rufe gidajen wasa a 2020. Ana iya bin wannan tarihi daki-daki domin Ingilawa sun adana takardun shiga, da sanarwar bango, da jerin sunayen 'yan wasa. Tun 1924 wata mata, Gabrielle Enthoven, ta miƙa wa gidan tarihi na Victoria and Albert tarin irin waɗannan takardu da ta shafe shekaru tana tattarawa.

A daidai waɗannan shekaru ne rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa yake tatata, kuma Lardin Sakkwato na da babban rabo a cikinsa. Kwaikwayo kansa ba baƙo ba ne: akwai tashe a watan azumi, da wasan gauta, da barkwancin 'yan kama. Baƙon abu shi ne a rubuta magana, a raba ta ga 'yan wasa, a haddace. R. M. East na Hukumar Talifi ta Zariya ya buɗe hanya a shekarun 1930 da littafin Six Hausa Plays. A 1949 aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau, mutumin Mafara, wanda daga baya ya zama Kayayen Sardauna. A tsakiyar shekarun 1950 kuma aka fitar da Malam Inkuntum, kuma sunan da marubucinsa ke ɗauke da shi shi ne Dogondaji, bisa al'adar 'yan makarantar boko ta ɗaukar sunan gari. Ta haka wannan gari na ƙasar Tambuwal ya shiga sahun farko na tarihin adabin Hausa.

Zamanin ne na Yaƙi da Jahilci, lokacin da hukumar NORLA ke buga ƙananan littattafai masu sauƙin kuɗi don manya da suka koyi karatu. Wasannin lokacin na faɗakarwa ne, a kan tsafta da ilimi da zaman iyali, kuma makarantu ne dandalinsu. Kamar yadda ya faru a Landan, rediyo ma ya haifi littafi: Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi sun ratsa kunnen masu sauraro kafin su isa hannun masu karatu.

Bambancin yana wajen abin da ya saura. Wasan Christie ya bar agogo da tarin takardu. Wasannin Hausa na farko galibi littafin kawai suka bari. Littafi kuwa rabin wasa ne. Yana riƙe maganar da aka faɗa, amma ba ya nuna wanda ya faɗe ta, ko rawanin da ya naɗa, ko wurin da 'yan kallo suka fashe da dariya. Inda ba a buga littafin ba, asarar ta fi tsanani. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna a ƙarshen shekarun 1930, yana sukar zalunci da cuta, amma ba su fito a matsayin littattafai a lokacin ba, don haka sunayensu sun fi matanin yawo a bakin manazarta. Ita ma BBC ba ta tsira ba: muryoyin Three Blind Mice na 1947 ba su wanzu ba. Adana tarihi ba halittar wata al'umma ba ce, shawara ce da wani ke yankewa a kan lokaci.

Ɗaliban da suka hau dandalin makarantun Lardin Sakkwato a shekarun 1950 yau sun haura shekara 80. Abin da ya rage na wancan zamani yana cikin akwatunan ƙarfe na gidajensu: hoton 'yan aji, littafin rubutu da aka kwafe wasa a ciki, tsohon bugun NORLA da gara ta fara ci. Wuraren ajiya suna nan, Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da Arewa House da Ma'ajiyar Takardu ta Ƙasa a Kaduna. Magadan da ke share ɗaki bayan rasuwar dattijo su ne ke yanke hukuncin ko takarda za ta isa can ko za ta zama maƙunshin ƙosai.