Tarihin Rosari da Yaƙin Tattara Hankali a Cikin Addu'a

Gabatarwa

Kusan duk wanda ya yi kiwon ikilisiya ya taɓa jin wannan kuka daga bakin sabon mai bi ko ɗan ajin katikisim: ya ɗauki rosari da kyakkyawar niyya, amma kafin ya kai ƙwaya ta biyar hankalinsa ya tafi kasuwa, ko gona, ko wurin bashin da ake binsa. Baki yana motsi, yatsu suna tafiya, zuciya kuwa ba ta nan. Daga nan wani yakan ajiye carbin yana ganin shi bai iya addu'a ba. Wani kuma yakan saba da ja da sauri domin ya sauke nauyi. Duka biyun hasara ce ga rai, kuma mu ne za a tambaya.

A wannan darasi za mu bi tarihin wannan addu'a. Za mu ga cewa an gina ta a hankali cikin ƙarnuka da yawa, kuma kusan kowane sashe da aka ƙara mata an ƙara shi ne domin maganin watsewar hankali. Wanda ya san aikin kowane sashe zai iya koya wa sabon shiga yadda zai amfana da shi.

Tsakuwoyin hamada

A ƙarni na 4, maza da mata da yawa sun keɓe kansu a hamadar Masar domin ibada. Su ne ake kira rahibai. Bishop Palladius, wanda ya rubuta labarinsu wajen shekara ta 420, ya ambaci wani mai suna Bulus, mazaunin dutsen Ferme, wanda ya ɗora wa kansa addu'o'i 300 kowace rana. Yakan tara tsakuwoyi 300 a cikin rigarsa, duk addu'ar da ya gama sai ya jefar da guda. Dabarar a fili take: ƙidaya ta koma hannu, hankali ya huta da lissafi. Aikin 'ya'yan carbi ke nan har yau.

Amma hankalin da ya huta da lissafi ba ya zama wuri ɗaya. Yohanna Kasiyan, wanda ya zauna da dattawan hamada kafin ya koma Marseille a kudancin Faransa ta yau, ya rubuta cewa ɗaya daga cikinsu ya kwatanta zuciyar mutum da dutsen niƙa wanda ruwa yake juyawa. Ba wanda zai hana shi juyawa, amma mai niƙa ne yake zaɓen abin da zai zuba, ko alkama ko ciyawa. Saboda haka dattawan suka ba almajiransu gajeriyar aya guda, wato farkon Zabura 70, su riƙa maimaita ta dare da rana, su komo gare ta duk lokacin da tunani ya ɓalle. Tun daga tushe, maimaitawa hanya ce ta komowa.

Zaburar marasa karatu

Dokar Waliyyi Benedikt, wadda aka rubuta a Italiya a ƙarni na 6, ta umarci rahibai su gama Zabura 150 kowane mako, ta kuma gargaɗe su cewa zuciya ta tafi tare da murya. To, Zaburar da harshen Latin ake rera ta, kuma yawancin 'yan'uwa masu aikin gona da kiwo a gidajen rahibai ba su iya karatu ba. Sai aka ba su Addu'ar Ubangiji su maimaita a madadin Zabura, sau 50 ko sau 150, suna ƙidaya da igiya mai ƙulli ko duwatsu. Al'adar ta fita zuwa ga talakawan gari har sana'ar yin carbi ta kafu. A birnin Landan akwai titin da aka sa wa suna Paternoster Row, daga kalmomin farko na Addu'ar Ubangiji da Latin.

Daga ƙarni na 12, gaisuwar mala'ika Jibra'ilu ga Maryamu (Luka 1:28) haɗe da gaisuwar Alisabatu (Luka 1:42) ta yaɗu a bakin jama'a. Aka fara maimaita ta sau 150, ana kiran wannan Zaburar Maryamu. Kashi ɗaya cikin uku, wato 50, shi aka kira rosarium, ma'ana lambun furen wardi. A lokacin addu'ar gajeriya ce. Daga baya aka rufe ta da sunan Yesu, roƙon da yake rabi na biyu kuwa bai sami tabbatacciyar siffa ba sai ƙarni na 16.

A nan matsalar ta sake ɗago kai. Mai karanta Zabura yana da sababbin kalmomi a kowace aya, amma mai maimaita jimla ɗaya sau 150 da wuya hankalinsa ya tsaya. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya tattauna wannan a babban littafinsa na tauhidi. Ya ce mai da hankali a addu'ar baki iri uku ne: ga kalmomi domin kada a yi kuskure, ga ma'anarsu, da kuma ga Allah wanda ake roƙo. Na ukun ya fi muhimmanci, kuma marar ilimi ma yana iya samunsa. Ya ƙara da cewa idan hankali ya tafi ba da gangan ba, niyyar farko tana riƙe da addu'ar a gaban Allah, sai dai mai addu'ar ya rasa wartsakewar ruhu da zai samu a wannan lokaci. Wannan rarrabewa tana da amfani ƙwarai ga mai ba da shawara, domin tana raba rauni da sakaci.

Sabon shiga a Trier

Babban sauyi ya zo ta hannun wanda shi kansa sabon shiga ne. A 1409 wani saurayi mai suna Dominik, ɗan ƙasar Prussia, wanda ya yi karatu a Krakow ya kuma yi shekaru yana yawon banza, ya shiga gidan rahiban Kartusiya kusa da Trier a Jamus. Shugaban gidan, Adolf na Essen, ya ƙarfafa shi ya haɗa gaisuwar Maryamu da bimbini a kan rayuwar Almasihu. Dominik ya raba rayuwar Yesu zuwa gajerun jimloli 50, daga ɗaukar cikinsa har zuwa komowarsa domin shari'a. Kowace gaisuwa idan ta kai sunan Yesu sai a liƙa mata jimla guda, misali wadda take tuna cewa Yahaya ya yi masa baftisma a Urdun, ko cewa an gicciye shi tsakanin ɓarayi biyu.

Mu lura da abin da ya faru. Baki ya ci gaba da kalmomi iri ɗaya, amma kowace ƙwaya ta sami abin kallo nata daga Bishara. Dutsen niƙan nan na dattawan hamada ya sami hatsi. Rahiban suka kwafi jimlolin suka rarraba, kuma har yau Katolika a ƙasashen da ake jin Jamusanci suna saka jimla bayan sunan Yesu idan suna rosari.

Daga 50 zuwa 15

Jimloli 50 suna bukatar takarda ko hadda mai ƙarfi, talaka kuwa ba shi da takarda. A wannan zamani ne raba gaisuwar goma-goma, da Addu'ar Ubangiji a tsakani, ya zama ruwan dare. Ana danganta wannan tsari ga wani rahibin Kartusiya, Henry na Kalkar, wanda ya rasu a 1408. Firistocin ƙungiyar Dominikan suka ɗauki aikin yaɗawa. Alan de la Roche ya kafa zumuntar masu wannan addu'a a Douai a 1470, Jakob Sprenger kuma ya kafa ta Kolon a 1475, wadda ta cika da mutane cikin ɗan lokaci. Ta wurin wa'azin Alan ne labarin cewa Budurwa Maryamu ta miƙa rosari ga Waliyyi Dominik, wanda ya rasu a 1221, ya bazu. Masana tarihi ba su sami wannan labari a rubuce-rubucen farko na rayuwar waliyyin ba, kuma ya kamata mai hidima ya san haka domin kada tambayar ɗalibi ta same shi ba shiri.

A 1483 aka buga wani littafi a birnin Ulm mai ɗauke da zane 15, biyar-biyar a shafi uku: na haihuwa da ƙuruciyar Yesu, na shan wahalarsa, da na ɗaukakarsa. Mai addu'a zai dubi hoto guda yayin da yake jan gomiya guda, wato gaisuwa goma. Wannan ne kusan jerin asirai 15 da muka gāda. Abin da Dominik na Prussia ya yi wa kunne, zanen ya yi wa ido, kuma marar karatu ya sami rabonsa. A 1569 Paparoma Pius na 5 ya tabbatar da wannan siffa a wata takarda tasa, inda ya bayyana rosari a matsayin addu'ar baki haɗe da bimbini.

Suka daga waje da daga ciki

Masu gyaran ikilisiya na ƙarni na 16 sun soki ƙidayar addu'a, suna kafa hujja da gargaɗin Yesu a Matiyu 6:7 game da yawan maimaitawar banza. A 1535 Martin Luther ya rubuta wa wanzaminsa ɗan littafi a kan addu'a, inda ya ce wanzamin kirki yakan sa ido da tunani a kan aska, in kuwa ya shagala da hira zai yanki mutum. Akwai bambancin koyarwa na gaske tsakanin ikilisiyoyi game da roƙon Maryamu, kuma ba mu ɓoye shi ba. Amma a kan addu'ar da baki yake yi zuciya ba ta nan, malaman Katolika ma sun yi magana da zafi. Louis de Montfort, mai wa'azi a ƙauyukan yammacin Faransa wanda ya rasu a 1716, ya ambaci manyan kurakurai biyu na masu rosari: fara addu'a ba tare da wani abin roƙo a zuci ba, da kuma rashin wata niyya sai ta a gama da wuri. Maganinsa shi ne a riƙa ɗan dakatawa a tsakiyar jimloli.

Ko tsarkaka ba su kuɓuta ba. Waliyyiya Teresa ta Lisieux, wadda ta rasu a 1897 tana da shekara 24, ta rubuta cewa yin rosari ita kaɗai yana yi mata wuya ƙwarai, tana ƙoƙarin tsayar da hankali a kan asiran amma ya ƙi. Abin da ya taimake ta a lokacin bushewar ruhu shi ne ta faɗi Addu'ar Ubangiji sau ɗaya da gaisuwar mala'ika sau ɗaya a hankali ƙwarai.

A 1974, cikin takardar Marialis Cultus, Paparoma Bulus na 6 ya kwatanta rosari marar bimbini da jiki marar rai, shi ma ya kawo Matiyu 6:7. A ranar 16 ga Oktoba 2002, Yohanna Bulus na 2 ya fitar da Rosarium Virginis Mariae. An fi tunawa da ita saboda asiran haske biyar da ta ƙara, daga baftisma a Urdun zuwa kafa Jibin Ubangiji, amma shawarwarinta game da yadda za a yi addu'ar sun fi shafar darasinmu. Ta ce a ambaci asirin a fili, a yi amfani da hoto in akwai, a karanta nassin da ya dace, a yi shiru na ɗan lokaci kafin a fara, a kuma ba sunan Yesu nauyinsa, har ma a liƙa masa jimla. Duk wanda ya bi tarihin nan zai gane cewa kayan Trier da Ulm ne aka komo da su.

Abin da ya rage gare mu

A ƙasarmu carbi ba baƙo ba ne, domin maƙwabtanmu Musulmi suna jan tasbaha, kuma sabon mai bi yakan iya aikin yatsu tun ranar farko. Abin da yake bukata daga gare mu shi ne abin da zai zuba a dutsen niƙan. Saboda haka mu fara da labarin kafin ƙidaya: wanda bai san abin da ya faru a Getsamani ba, ba shi da abin da zai yi bimbini a kai. Mu ba shi gomiya guda a rana har ta zauna, kafin mu ɗora masa biyar. Mu koya masa ya faɗi abin da yake roƙo kafin ya taɓa ƙwayar farko. Wanda bai iya karatu ba, mu ba shi hoto ko gajeriyar jimla da harshen da yake ji.

A addu'ar taro, musamman a watan Oktoba, mai jagora ne yake saita gudu. Idan katikis yana tsere, jama'a za su koyi cewa tsere ne ibada. Shiru kaɗan bayan ambaton asiri ba ɓata lokaci ba ne.

Sa'ad da mutum ya zo da kukan watsewar hankali, kada mu ce masa ya koma farko duk lokacin da ya shagala, gama wannan yakan haifi shakka da gajiya. Katikisim na Ikilisiyar Katolika, sakin layi na 2729, ya koyar cewa bin tunane-tunanen domin a kore su faɗawa tarkonsu ne, abin da ake bukata shi ne a komo da zuciya kawai. Ya kuma ce abin da yake janye hankalinmu yana nuna mana abin da zuciyarmu ta manne wa. Idan bashi ne ya hana ɗan'uwa tsayawa a gomiyarsa, to ya sami abin da zai kawo gaban Ubangiji a gomiya ta gaba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane aiki 'ya'yan carbi suke yi, wane aiki kuma asirai suke yi? Me yakan faru idan aka riƙe na farko aka bar na biyu?
2. Ta yaya rarrabewar Toma Akwinas za ta taimake mu wajen ba da shawara ga mai yawan zargin kansa?
3. A rubuta gajerun jimloli goma daga Luka 2:1-20 waɗanda za a iya liƙa wa sunan Yesu a gomiyar haihuwa.
4. Yaya za mu bayyana Matiyu 6:7 ga ɗan'uwa daga wata ikilisiya ba tare da kaucewa gargaɗin da ayar take yi mana ba?