Yadda ƙaramin birni ke tanadar filayen shaƙatawa: tarihin tsarin Boulder a Amurka

Boulder ƙaramin birni ne a jihar Colorado ta Amurka, a gindin tsaunukan Rocky, kimanin kilomita 40 arewa maso yamma da Denver, babban birnin jihar. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna mazaunansa sun ɗan haura 108,000. Masana tsara birane na yawan kafa misali da shi saboda ya killace fili fiye da eka 45,000, wato sama da hekta 18,000, wanda doka ta hana a yi gini a kansa. Wannan fili ya ninka faɗin birnin kansa fiye da sau biyu, kuma a cikinsa akwai hanyoyin ƙafa masu tsawon kusan kilomita 250.

Fiye da shekara 120 aka ɗauka ana tara wannan fili, yanki bayan yanki. Tarihin yadda aka yi ya nuna abu guda a sarari: filin jama'a yakan tsira ne idan an riga masu gini isa gare shi, an ware masa kuɗi na musamman, sannan an ɗaure shi da dokar da ke da wuyar warwarewa.

Nau'o'in filaye

Masu tsara birane kan raba filayen jama'a gida uku. Na farko shi ne lambun unguwa, ɗan ƙaramin wuri mai inuwa da kujeru da kayan wasan yara, wanda mutum zai isa da ƙafa daga gidansa. Reshen Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar cewa kowane mazaunin birni ya sami koren fili mai faɗin aƙalla rabin hekta zuwa hekta ɗaya a cikin tazarar mita 300 daga gidansa, wato tafiyar kimanin minti biyar.

Na biyu shi ne wuraren wasanni da motsa jiki: filayen ƙwallo, wuraren ninƙaya da ɗakunan atisaye. Waɗannan su ne suka fi cin kuɗin kulawa, domin suna buƙatar ma'aikata da wuta da ruwa kowace rana. Na uku shi ne buɗaɗɗen fili, wanda ake barinsa kusan yadda Allah Ya halicce shi: tsauni, daji, fadama, makiyaya ko gona.

A Boulder sassa biyu ne ke riƙe da wannan aiki. Sashen lambuna da wasanni yana kula da nau'i na farko da na biyu, ciki har da cibiyoyin motsa jiki uku da tafkin birnin. Sashen buɗaɗɗun filaye da tsaunuka, wanda aka samar a 2001 bayan haɗe hukumomi biyu, shi ke riƙe da nau'i na uku. Raba su da aka yi ya hana kuɗin sayen fili narkewa a cikin gyaran filin wasa.

Mafarin al'amari

Masu neman zinariya ne suka kafa Boulder a 1859, a ƙasar da 'yan asalin yankin, musamman al'ummar Arapaho, suke zaune tun kafin zuwansu. A 1898 mazauna garin suka amince da ƙuri'a a ci bashi ta hanyar takardun lamuni domin sayen wata gonar kiwo mai faɗin kimanin eka 80 a gindin tsauni. A nan aka kafa Chautauqua, wurin tarukan ilimi da hutun bazara, wanda har yau yana nan. A 1907 gwamnatin tarayyar Amurka ta ba birnin eka 1,600 a kan tsaunin Flagstaff.

Daga nan wata ƙungiyar mazauna mai fafutukar kyautata garin ta gayyato Frederick Law Olmsted ƙarami, ɗa ga ɗaya daga cikin mutum biyun da suka zana shahararren lambun Central Park na birnin New York. Ya ziyarci Boulder a 1908, aka buga rahotonsa a 1910. Babbar shawararsa ta shafi rafin da ya ratsa tsakiyar gari, wanda ambaliyarsa ta 1894 ta kwashe gadoji da gidaje. Ya ce a bar gaɓar rafin babu gini, a mayar da ita lambu, domin ruwa zai dawo ko ba daɗe ko ba jima, kuma ciyawa da bishiyoyi sun fi bango jure masa. An ɗauki shekaru da dama kafin a aiwatar da yawancin shawarar, amma ita ce ta zama ginshiƙin abin da ya biyo baya.

Iyakar ruwan famfo

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu birnin ya soma bunƙasa da sauri, saboda faɗaɗar Jami'ar Colorado da zuwan cibiyoyin binciken kimiyya na gwamnatin tarayya. Masu gine-gine suka fara hangen gangaren tsaunuka. Wasu malaman jami'a biyu, Albert Bartlett da Robert McKelvey, suka lura cewa babu mai gina unguwa inda ruwan famfo ba ya zuwa. Suka jagoranci wani yunƙuri da ya kai ga ƙuri'ar 1959, wadda ta sanya a kundin dokokin birnin cewa ba za a kai ruwan gwamnati wurin da tsayinsa ya wuce ƙafa 5,750, kimanin mita 1,750, daga doron teku ba. Ana kiran wannan iyaka Shuɗin Layi.

Ba a daɗe ba aka gane cewa hana ruwa kaɗai ba ya isa, domin mai kuɗi na iya haƙa rijiyarsa. Da aka yi shirin gina katafaren otal a kan wani tudu da ake kira Enchanted Mesa, sai mazauna suka amince a 1962 da wani bashin na dala 105,000 domin birnin ya mallaki wurin. Darasin da aka ɗauka shi ne, filin da ake son ya dawwama sai an saye shi. A Amurka mafi yawan filayen da ke kewaye da birane mallakar ɗaiɗaikun mutane ne, saɓanin Najeriya inda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa amanar filayen jiha ga gwamna. Saboda haka komai ya koma ga tambayar inda za a samo kuɗi.

Harajin 1967

Amsar ta zo a 1967, lokacin da masu zaɓe suka amince da ƙarin harajin ciniki na kashi 1 cikin 100. An raba shi biyu: kashi 60 cikin 100 na abin da aka tara ya tafi ga hanyoyi, kashi 40 ga saye da kula da buɗaɗɗen fili. Wato a duk cinikin dala 100, senti 40 na shiga asusun fili. Boulder ne birni na farko a Amurka da mazaunansa suka ɗora wa kansu haraji takanas domin wannan manufa.

Hikimar tsarin tana wurare biyu. Na ɗaya, kuɗin a keɓe yake, majalisar birni ba ta da ikon karkatar da shi zuwa albashi ko wani aiki idan kasafi ya yi ƙunci. Na biyu, tun da kuɗin na shigowa kowace shekara, birnin ya sami damar cin bashi a kansa, ya sayi fili tun yana da araha, ya biya a hankali. Masu zaɓe sun sake amincewa da ƙarin haraji a 1989, kuma sun sabunta shi a wasu lokutan daga baya.

Ba kowane yanki aka saya ɗungurungum ba. A wasu wuraren birnin ya biya manomi ne domin ya sa hannu a yarjejeniyar dindindin: gona tana hannunsa, yana noma, yana iya sayarwa ko barin ta gado, amma ba za a taɓa yanka ta fuloti ba. Kusan kashi ɗaya bisa uku na filayen kuma an ba da hayarsu ga manoma da makiyaya, waɗanda ke kula da ƙasar a madadin birnin.

Ɗaure fili da doka

Wasu matakan sun ƙarfafa tsarin. A 1971 aka ƙayyade tsayin gini zuwa ƙafa 55, kimanin mita 17, domin kada benaye su tare wa mutane ganin tsaunuka. A 1973 aka kafa kwamitin amintattu na mazauna mai sa ido a kan filayen. A ƙarshen shekarun 1970 birnin da gundumar da ke kewaye da shi suka amince da taswirar bai-ɗaya, wadda ta fayyace inda gari zai faɗaɗa da inda zai kasance karkara. Wannan yarjejeniya na da muhimmanci, domin ƙaramin birni ba shi da iko a kan abin da ke bayan iyakarsa.

A 1986 aka shigar da manufofin buɗaɗɗen fili cikin kundin dokokin birnin. Sun haɗa da kare daji da namunsa, kare ruwa da fadamu, raya noma, hana gari bazuwa barkatai, da shaƙatawa marar hayaniya kamar tattaki. Hawan keke ko doki sai a wuraren da aka keɓe. Kundin ya kuma tsaurara sharuɗɗan rabuwa da fili: sai majalisar birni da kwamitin amintattu sun amince, sannan a jira kwana 60, wanda a cikinsu mazauna na iya tara sa-hannu su tilasta a kai maganar gaban masu zaɓe.

Jarrabawar ambaliya

A watan Satumban 2013 aka tafka ruwan sama na kimanin milimita 430 a Boulder cikin kusan mako guda, abin da ya kusa kai na shekara ɗaya. Gidaje da hanyoyi da yawa sun lalace, haka ma turbobin tsaunuka, kuma an rasa rayuka a gundumar. Sai dai a wuraren da aka bar gaɓar rafi fayau, ruwan ya sami inda zai malala. Hanyoyin keke da aka gina tun shekarun 1980 a gefen rafuffuka, masu bi ta ƙarƙashin gadoji, an tsara su ne da gangan su zama magudana idan ruwa ya cika, kuma sun yi wannan aiki.

Wannan tunani yana da alaƙa da Gilbert White, masanin labarin ƙasa da ya daɗe yana koyarwa a Boulder, wanda ya shahara da hujjar cewa asarar ambaliya ta fi dogara ga inda mutane suka zaɓi yin gini. A bakin rafin akwai wata hasumiya da aka kafa domin tunawa da shi, mai nuna tsayin da ruwa ya kai ko zai iya kaiwa.

Abin da tsarin ya ci

Nasarar ta zo da nata nauyin. An zagaye birnin da filin da ba a gini a kansa, an hana benaye tashi sama, sannan a 1976 masu zaɓe suka ƙayyade ƙaruwar gidaje zuwa kimanin kashi 2 cikin 100 a shekara. A lokaci guda guraben aiki suka ci gaba da ƙaruwa. Sakamakon haka gidaje suka yi tsada matuƙa, har matsakaicin farashin gidan iyali ɗaya ya haura dala miliyan ɗaya. Dubun-dubatar ma'aikata, ciki har da malaman makaranta da ma'aikatan jinya, na kwana a garuruwan maƙwabta suna shigowa da mota kowace safiya.

Masu suka na cewa tsarin ya tura cunkoso da gine-gine ne zuwa wasu garuruwan, ya kuma bar morar filayen ga masu hali. Masu goyon baya na cewa laifin na dokokin da suka hana cika gari da gidaje ne, ba na filayen da ke kewaye da shi ba. Birnin ya yi ƙoƙarin rage raɗaɗin: tun daga 2000 ya wajabta wa masu gina rukunin gidaje su ware wani kaso ga masu ƙaramin ƙarfi, ko su biya kuɗi a madadinsa. A 2023 kuma majalisar dokokin Colorado ta haramta wa birane ƙayyade yawan gidajen da za a gina a shekara.

Akwai kuma nauyin kulawa. Miliyoyin ziyara a kowace shekara na zaizaye turbobi, ana kuma samun saɓani tsakanin masu tattaki da masu keke da masu yawo da karnuka. Manoman da ke haya na kokawa da wasu ƙananan dabbobi dangin kurege da ke haƙe gonaki, alhali masu kare namun daji na adawa da kashe su. Wutar daji ma barazana ce: gobarar Marshall ta ranar 30 ga Disamban 2021 ta bi ta busasshiyar ciyawa a kudancin birnin, iska mai ƙarfi ta kora ta, ta ƙone gidaje fiye da 1,000, mafi yawansu a garuruwan Superior da Louisville.

Matakan da masu tsara birane ke ɗauka daga wannan tarihi

Aikin yakan fara ne da ƙididdige abin da gari yake da shi: kowane fili, faɗinsa, mai shi da halin da yake ciki. Sai a zana taswirar wuraren da bai kamata a yi gini a kansu ba ko da babu maganar shaƙatawa, kamar hanyar ruwa, fadama da gangaren tsauni, domin su ne mafi sauƙin karewa kuma mafi amfani ranar bala'i. Daga nan a auna tazarar kowace unguwa da lambu mafi kusa da ita, a fara da unguwannin da ba su da komai.

Sauran matakan su ne keɓe hanyar samun kuɗi mai ɗorewa, a raba na saye da na kulawa. Sanya sharuɗɗan da za su hana wata gwamnati mai zuwa sayar da fili cikin dare ɗaya. Ƙulla yarjejeniya da hukumomin maƙwabta. Da sake duba tsarin bayan 'yan shekaru tare da mazauna. Tarihin Boulder ya ƙara sharaɗi guda a kan waɗannan: duk taswirar da ta nuna inda ba za a yi gini ba, wajibi ne ta nuna inda za a gina wa masu zuwa gidaje, da yawan da zai wadatar da su.