Jarrabawar Turanci: Inda haziƙan ɗalibai kan yi tuntuɓe

Duk ɗalibin da ya gama sakandare a Birnin Kebbi ko Argungu, yake kuma neman gurbi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko jami'ar jiha da ke Aliero, akwai ƙofa ɗaya da ba shi da hanyar kauce mata, wato Turanci.

Sai ya sami kiredit a darasin a jarrabawar WAEC ko NECO. A jarrabawar JAMB kuma, tambayoyi 60 daga cikin 180 na Turanci ne, ko da likita mutum yake son zama ko injiniya.

An ga nauyin wannan darasi a watan Agustan 2025, lokacin da hukumar WAEC ta ce kimanin kashi 38 cikin ɗari na ɗaliban Najeriya ne suka ci darussa biyar haɗe da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki sai ta ce an sami kuskure wajen duba wata takardar Turanci, adadin kuma ya koma kusan kashi 63.

Sai dai ba masu rauni kaɗai Turanci ke kayarwa ba. Akwai ɗalibin da ke karanta jarida, yana muhawara ba gargada, amma sakamako ya fito ya tarar da kyar ya tsallake.

Kurakuran irin wannan ɗalibi ba na rashin sani ba ne. Yawancinsu nahawun Hausa ne ya shigo cikin rigar Turanci, shi ya sa ake iya sanin inda za su ɓullo tun kafin a shiga ɗakin jarrabawa.

Yadda maki ke zubewa

A jarrabawar WAEC ana bukatar insha'i mai kalmomi kusan 450, ana kuma ba shi maki 50. Daga ciki, 10 na kiyaye ƙa'idojin nahawu da rubutu ne, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci.

Ke nan kuskure 20 sun isa su share wannan kaso baki ɗaya. Ɗalibin da ya saba mance “the” zai iya kai wa wannan adadi kafin ya cika shafi na biyu.

Batun lokaci

A nan ne aka fi samun ɓarna. Aikatau na Hausa ya fi damuwa da ko aiki ya kammala ko yana gudana. Na Turanci kuwa sai ya nuna yaushe aka yi aikin.

“Na gan shi” jimla ɗaya ce a Hausa, amma biyu ce a Turanci: “I saw him” da “I have seen him”. Ƙa'idar ita ce, da zarar an ambaci lokacin da ya riga ya wuce, kamar jiya ko bara, ta farkon ce daidai. Don haka “I have seen him yesterday” kuskure ne, komai daɗinta a kunne.

Akasin haka na faruwa da kalmar “tun”. Bahaushe zai ce “Ina zaune a Nasarawa tun 2015”, da yake har yanzu yana can. Sai ɗalibi ya rubuta “I am living in Nasarawa since 2015”, alhali abin da ake so shi ne “I have lived” ko “I have been living”. In kuma tsawon zaman ake nufi ba farkonsa ba, to “for ten years” ne, ba “since ten years” ba.

Kalmar “ina” ita ma tana da nata tarkon. “Ina da mota” kan zama “I am having a car”, “ina ganewa” kuma ya zama “I am understanding”. Turanci ba ya yarda a liƙa “-ing” ga aikatau na mallaka ko sani ko fahimta a irin wannan ma'ana: “I have a car”, “I understand”.

Sai maganar wani da aka ruwaito. A Hausa “zai zo” ba ya canzawa: “Ya ce zai zo.” A rubutun Turanci na jarrabawa kuwa, in “said” ya gabata, sai “will” ya koma “would”: “He said he would come.” Haka nan tambaya in ta shiga cikin jimla takan bar tsarinta na tambaya: “She asked where I lived”, ba “where did I live” ba.

Jimlar sharaɗi ta fi ruɗarwa, domin nan harsunan biyu sun yi hannun riga. Hausa kan ce “Idan ya zo gobe”, da sigar aikin da ya kammala. Turanci kan ce “If he comes tomorrow”. Manomin fadama zai ce “Da an yi ruwa da wuri, da shinkafa ta yi kyau”, da “da” guda biyu iri ɗaya. Turanci ya raba su: “If it had rained early, the rice would have done well.” Sa “would have” a ɓangarorin biyu kuskure ne da ya zama ruwan dare.

Masu tsara tambayoyin JAMB kuma suna son “It is high time we left”. Ma'anarta lokaci ya yi da za mu tafi, ba a tafi ba tukuna, amma duk da haka “left” ake so, ba “leave” ba. Wannan ba ya bin hankali. Haddace shi ake yi.

Ƙananan kalmomi biyu

Hausa ba ta da takwaran “a” ko “an”. “Na sayi mota” cikakkiyar jimla ce, amma “I bought car” gurguwa ce.

Madanganci na Hausa, wato “-n” da “-r” a “yaron” da “motar”, ya yi kama da “the”, amma aikinsa ya fi ƙunci: yakan nuna abin da aka riga aka ambata. Turanci yana sa “the” har ga abin da kowa ya sani ko da ba a ambace shi ba. “Rana ta fito” ita ce “The sun has risen”, “Gwamna ya iso” kuma “The governor has arrived”.

Sunayen wurare na da nasu son kai. Kogi na karɓar “the”, tafki ba ya karɓa: “the Rima”, “the Niger”, amma “Lake Chad”. Kuma “go to school” zuwa karatu ne, “go to the school” kuwa zuwa ginin makarantar ne, kamar yadda uba kan je biyan kuɗi.

Wanda ya yi karatun Larabci yana da ɗan jari a nan, domin “al-” ta riga ta koya masa bambancin ma'arifa da nakira, ko da yake ƙa'idojin ba ɗaya ba ne a ko'ina.

Tilo da jam'i

Muna cewa shawarwari, bayanai, kayayyaki, hujjoji. Turanci ba ya ƙirga “advice”, “information”, “equipment”, “furniture”, “luggage” ko “evidence”, saboda haka ba a ƙara musu “-s”. In ana son guda ɗaya sai a ce “a piece of advice”.

Labarai jam'i ne a Hausa, amma “news” tilo ne duk da “-s” da ke jikinsa: “The news is good.” Kifin da masunta suka kama a Matan Fada, komai yawansa, “fish” ne. “Police” da “cattle” kuwa jam'i ne ba tare da wata alama ba.

Bugu da ƙari, Hausa ta halatta “buhu hamsin” da “shekara goma”. Turanci ya wajabta “fifty bags” da “ten years”, sannan ya juya ya ce “a ten-year-old girl”.

A tambayoyin zaɓi, akan nesanta aikatau daga sunan da yake bi don a ruɗa ɗalibi. A “The quality of the bags of rice is poor”, inganci ake magana a kai, ba buhuna ba. Haka “Each of the fishermen has a net”.

I ko a'a

In aka tambayi Bahaushe “Ba ka je ba?”, zai iya cewa “I, ban je ba”, wato ya gaskata mai tambaya. Bature ba mai tambaya yake amsa wa ba, abin da ya faru yake bi: “No, I didn't.” Babu “Yes, I didn't” a Turanci.

Kazalika “ko ba haka ba?” na shiga ƙarshen kowace jimla ta Hausa, sai aka mai da “isn't it?” haka. Amma wutsiyar Turanci tana bin aikatau da mai aikin: “You went, didn't you?”, “She can't swim, can she?”

Wakilin suna ma yakan biyo ɗalibi. “Mutumin da na gan shi jiya” na iya fitowa a bakin Bahaushe, amma “the man whom I saw him” ta maimaita abin da “whom” ya riga ya ɗauka. Irin wannan ninki ne a “Although he is rich, but he is humble”, wanda ba komai ba ne illa “ko da yake” da “amma”. Turanci ɗaya yake ɗauka daga ciki.

Ara, koya, sha, ji

Hausa kan sarrafa aikatau ɗaya ya ba da ma'ana biyu: “na ari littafi”, “na ara masa littafi”, “na koyi karatu”, “na koya masa karatu”. Turanci kalmomi daban yake da su: “borrow” da “lend”, “learn” da “teach”. Daga nan “Borrow me your pen” ta samo asali.

“Sha” da “ji” kuwa sai an rarraba su. Magani “take” ake yi masa, mangwaro “eat”. Ƙamshi “smell” ne, zafi “feel”, Turanci kuma in ana jin sa “understand” ne.

Akwai kuma aikatau da ba sa bukatar ɗan rakiya, amma ake liƙa musu: “discuss about”, “comprise of”, “emphasise on”. Waɗannan ba na Hausawa kaɗai ba ne, ana jin su daga Legas har Maiduguri, har a bakin manyan jami'ai, abin da ya sa ɗalibi ke ɗaukar su daidai.

Turancin Najeriya fa?

Masana sun daɗe da nuna cewa Turancin Najeriya yana da tsarinsa. Munzali Jibril ya nazarci lafazinsa a digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster a 1982, David Jowitt kuma, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano, ya wallafa “Nigerian English Usage” a 1991.

A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, ciki har da “Kannywood”, da “next tomorrow” mai nufin jibi, da “severally” da ma'anar sau da yawa. A 2025 aka ƙara wasu, har da “suya”.

To amma aikin ƙamus shi ne adana abin da mutane ke faɗa, ba shi ke raba maki ba. Mai duba takarda daidaitaccen Turanci yake nema, musamman a wasiƙar hukuma, saboda haka “the day after tomorrow” da “younger brother” sun fi “next tomorrow” da “junior brother” aminci. Haka abin yake ga malamai da ma'aikatan jinya masu shirin IELTS ko TOEFL don fita waje.

Kunne da alƙalami

Hausa ba ta bambanta “p” da “f” a ma'ana. A Hausar ƙasar Kabi da Sakkwato ma, inda ake cewa “hwari” da “tahi”, sautin “f” kansa baƙo ne. A Turanci kuwa “copy” da “coffee” ko “pull” da “full” kalmomi ne daban, haka “vote” da “boat”. Abin da kunne bai raba ba, alƙalami yakan haɗa shi, kuskuren lafazi ya zama na rubutu.

Hausa ba ta son baƙaƙe su taru ba wasali, shi ya sa “bread” ya zama burodi. Amma tana da abin da ke taimakawa: wanda ya san bambancin gajeren wasali da dogo ya kama hanyar raba “live” da “leave”, ko “ship” da “sheep”.

A Najeriya, takardar lafazi ta WAEC a rubuce ake yin ta: tambayoyi 60 cikin minti 45, ba tare da ɗalibi ya buɗe baki ba. A IELTS kuwa sai ya zauna gaban mai jarrabawa sun yi magana ta minti 11 zuwa 14.